Kati Bakwai da Gwangwanin 'Yar Ticha

Har gobe ɗan kawuna yana cewa cutarsa na yi. Yanzu Alhaji ne, yana da shagon tayil a Kano da tumbi daidai gwargwado, amma duk bikin da ya haɗa mu, kafin a sauke tukunya sai ya tayar da maganar katin nan. Ni kuma amsata ba ta taɓa sauyawa ba. Ban cuce shi ba, cinye shi na yi, kuma hannuna wayam na cinye shi. Tunda shi yana da majalisar da yake baza nasa labarin, ni bari in rubuta nawa, wanda ya karanta ya yi mana alƙalanci.

Ina aji biyar a firamaren garinmu Gammo ana tsakiyar yayin wani cingam, wanda ake saka ɗan kati a cikin takardarsa. Katin bai fi yatsu uku faɗi ba, da hoton ɗan ƙwallo, da lamba a ƙarƙashin hoton. Cingam ɗin kansa ba shi da wani kirki, tauna uku zaƙin ya gudu ya bar ka da roba a baki. Katin muke bi. Ba mu san 'yan ƙwallon ba, don ko talabijin babu a gidanmu, sai muka raɗa musu suna da kanmu. Akwai mai gashin tunkiya, akwai mai hararar malamin lissafi. Ni kuma Allah ya tsaga da rabona na samu wani mai tsaron gida da aka zagaye hotonsa da ruwan azurfa, in ka juya shi a rana sai ya kashe maka ido. Duk Gammo ni kaɗai ke da irinsa. Mai walƙiya muke ce masa, kuma a tsakiyar littafin karatuna yake kwana.

Wasan ba wuya. Mutum biyu za su zauna, kowa ya kife katinsa a hannu ba ya gani. Wannan ya ajiye ɗaya a ƙasa a buɗe, wancan ya ɗora nasa a kai, haka bi da bi. Duk wanda lambar ƙarshe ta katinsa ta zo daidai da ta wanda ke sama, ya ci, sai ya kwashe tulin gaba ɗaya. Wannan ko'ina haka yake. Inda aka rabu shi ne idan katin mutum ya ƙare alhali ba wanda ya ci. Mu a Gammo sai mu juya tulin, a duba katin da ke can ƙasa, wanda aka fara ajiyewa. Mai wannan katin shi ke kwashewa, ko da hannunsa ne ya ƙare. Mai shuka muke kiransa, don wanda ya shuka shi ke girbi. Shi ya sa a garinmu fara ajiye kati gata ne, har kokawa ake yi a kansa. In wani ya dube ka ya ce "kai fara", to ya girmama ka ba kaɗan ba. Ni kuwa a lokacin na ɗauka duk duniya haka ake yi.

Ƙawata a aji 'yar Ticha ce. Babanta mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe yana koyarwa a makarantarmu har mutane sun manta sunansa, Ticha kawai ake cewa. Suna zaune a ɗakuna biyu da ke bayan makaranta. Benci ɗaya muke zama da ita, ita ta iya lissafi ni na iya faɗa, don haka ba mai taɓa mu ta kowace fuska. Tana da yaya namiji wanda zazzaɓi ya ɗauke a daminar da ta gabata. Shi ne ya fi kowa tara kati a garin, ya cika gwangwanin madarar gari da su taf, sai an danna murfin yake rufuwa. Kowane kati ya ɗiga masa jan biro a kusurwa don kada a sace masa. Bayan rasuwarsa gwangwanin ya koma hannun ƙanwarsa, amma a ɓoye, domin mamansu ba ta iya ganinsa ba ta yi kuka ba, har ta taɓa cewa za ta jefa shi a masai kowa ya huta.

Ranar da za su tafi Filato dogon hutu ta zo gidanmu da sassafe, da abu a naɗe cikin zane. Ta ja ni bayan rumbu ta miƙo min.

"Ki ajiye min," in ji ta. "In na tafi da shi Mama za ta gani. In na bar shi a ɗaki ɓera zai ci. Kar ki buɗe."

Na buga ƙirji na ce, "Ko gobara ce ta tashi a gidan nan, shi zan fara ɗauka kafin takalmina."

Ta yi dariya ta tafi. Da na san abin da zan aikata, da na rage cika bakin.

Bayan mako biyu aka kai ni hutu gidan kawuna a Gwarzo. A wurinmu Gwarzo birni ne, akwai kwalta, akwai mai sayar da ƙanƙara. Na ɓoye gwangwanin a ƙasan jakata na tafi da shi. Na gaya wa kaina wai tsoron ƙannena nake ji kada su tono shi. Ƙarya ce. So nake 'yan Gwarzo su ga cewa mu ma a ƙauye ba a bar mu a baya ba. Mai walƙiya kam na bar shi a gida cikin littafi, amma bakina bai bar shi ba, duk wanda na gani sai na ba shi labarinsa.

Ɗan kawun nan nawa ya girme ni da shekara ɗaya. Taubashina ne, don haka yana da lasisin tsokanata, kuma bai taɓa barin lasisin ya yi tsatsa ba. Baƙauya yake ce min. Wata ranar da aka wuni ana yayyafi muka zauna a barandar wani shago da ke jikin gidansu, shi da abokansa da ƙanwarsa, aka fito da kati. Kafin in buɗe baki ya ce, "Baƙauya, ke fara." Sai na ji kaina ya fasu. Na ce a raina, ashe yaron nan yana da tarbiyya. Kowane zubi sai ya ce in fara, ni kuma ina washe baki.

Nawa katin ya tafi a hankali, kuma ban ce an cuce ni a kansu ba, sa'a ce ta juya min baya. Kafin azahar ba ni da ko ɗaya. Ya fara karkaɗe wando yana cewa ashe abin da ake zuzutawa a Gammo ke nan. A nan zuciya ta ɗebe ni. Na shiga gida na ɗauko gwangwanin 'yar Ticha, na ce wa kaina aro zan yi, kati goma kawai, in na dawo da nawa in mayar. Duk wanda ya taɓa cin amana ya san wannan karatun, ba sai na ja shi da tsawo ba. Goma ta zama ashirin, ashirin ta zama rabin gwangwani. Daga ƙarshe na juye ragowar duka a hannuna.

Sai aka yi wani zubi da ban taɓa ganin irinsa ba. Ina ajiyewa yana ajiyewa, ba mai ci. Tuli ya yi ta tashi har yana zamewa, jan ɗigo a kan jan ɗigo. Ni ce na fara, don haka da na ga hannuna yana ƙarewa sai murna ta kama ni. Na ajiye na ƙarshe, ya ɗora nasa, bai ci ba. Na yi guɗa na kai hannu zan juya tulin. Sai ji na yi tas, ya buge min hannu.

"Me za ki yi?"

"Juyawa zan yi. Ni ce mai shuka."

"Mai me?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake yi a garinmu. Abokansa suka kwanta a siminti don dariya. Ɗaya yana cewa, "Wai mai shuka! Gona ce?" Shi kuma ya tattara tulin gabansa da hannu biyu ya ce, "Nan Gwarzo ne, yarinya. Wanda katinsa ya ƙare ya mutu. Kowane gari da dokarsa. In kin koma ƙauyenku sai ki yi shukarki." Sai a lokacin na gane me ya sa yake ta cewa in fara. A Gwarzo wanda ya fara shi ke fara ƙarewa, don haka wanda aka raina shi ake tura wa farko. Har gwangwanin ya ɗauke, wai me zan yi da gwangwani ba kati.

Ban kai ƙara wurin kawu ba. Ba dukan nake tsoro ba, na sha duka a rayuwata ban mutu ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in buɗe baki in ce kayan mamaci aka ba ni ajiya na zuba a ƙasa. Na koma Gammo da jaka ba nauyi, na daina cin abincin kirki. Duk lokacin da na wuce bayan makaranta na ga ƙofar su Ticha da kwaɗo, sai in ƙara sauri. Saura kwana goma sha a koma makaranta, kuma na san ranar da suka sauka daga mota gidanmu za ta fara zuwa.

Sai Innata ta haihu. Kowa yana murnar jariri, ni ina murnar cewa dole mutanen Gwarzo su zo suna. Na zazzage littattafaina da ƙarƙashin tabarma na tattara abin da ya rage min. Mai walƙiya, da wasu tarkace guda shida da ba wanda ke so: biyu ruwa ya jiƙa sun kumbura, ɗaya akuya ta ci kan ɗan ƙwallon ta bar ƙafafu da lamba. Bakwai ke nan. 'Yan matan unguwarmu da suka ji labari suka ce za su haɗa min nasu in samu ƙarfi. Na ce su riƙe abinsu. Suka ɗauka girman kai ne, amma na kwana ina juya abin a raina. Duk katin da na ajiye, dama ce na ba shi ya ci. In hannuna gajere ne, zai ƙare da wuri, a juya ƙasa. Ba yawa nake nema ba, ƙarewa nake nema.

Da aka aiki ƙanin babana ya kai goron suna Gwarzo, na tare shi yana tayar da mashin.

"Baba ƙarami, in ka ga ɗan kawu ka ce mai walƙiya yana gaishe shi. In ya isa ya zo da gwangwani."

"Wane ne kuma mai walƙiya?"

"Shi ya sani."

Ya girgiza kai ya ce 'ya'yan yanzu sai addu'a. Amma ya isar da saƙon.

Ranar suna da hantsi, an raɗa suna an yanka rago, mata sun ɗora manyan tukwane a tsakar gida, maza sun cika zauren kakana. Kakan nan nawa, mahaifin babana, shi ne dagacin garin. Mu yara muka zame zuwa gindin tsamiyar da ke gefen katanga, 'yan Gammo gefe ɗaya, 'yan Gwarzo da suka biyo iyayensu gefe ɗaya. Ga taubashina da sabuwar shadda, aljihunsa ya yi tulu da nasa katin, gwangwanin kuma a hammata. Da na hango gwangwanin sai na ɗaure fuska.

"Baƙauya, ina kayan?"

Na baje bakwai ɗina a tafin hannu. 'Yan Gwarzo suka fashe da dariya, musamman da suka ga wanda akuya ta ci. Amma shi idonsa yana kan mai walƙiya, har ya haɗiyi yawu, na gani.

Na ce, "Zubi ɗaya za mu yi. Ni da bakwai ɗina, kai da na aljihunka. Gwangwani a tsakiya. Wanda ya kwashe ƙasa ya kwashe gwangwani."

"Gwangwani guda a kan tsumma shida?"

"In tsoro kake ji ka faɗa. Mu 'yan Gammo ba ma yi wa baƙo dariya."

Suka kuwa yi masa ita, har da tafi. Ya naɗe shaddarsa ya zauna a ƙasa ya dire gwangwanin tsakaninmu.

Saura maganar wanda zai fara, kuma a nan ne duk rayuwata ta rataya. In na ce ni zan fara, zai tsargu. Sai na yi abin da kowane ɗan Gammo mai mutunci zai yi wa baƙo. Na dube shi na ce, "Kai ne baƙo. Kai fara."

'Yan garinmu suka kalli juna. Wata 'yar maƙwabtanmu ta buɗe baki za ta ce wani abu, na zabga mata harara ta haɗiye. Da ya ce to, da shi ke nan, na kashe kaina da hannuna. Amma na san taubashina kamar yunwar cikina.

"Ni za ki yi wa wayo?" in ji shi. "Ke fara."

"Ka tabbata?"

"Ke fara, na ce."

"A gaban mutane nake tambayarka, ka bar min farko?"

"Sau nawa zan faɗa? Ko kunnen ma na ƙauye ne?"

Sau uku na tambaye shi. Alhaji, in kana karanta wannan, ka ƙirga da kyau, sau uku.

Na cakuɗa bakwai ɗina na kife su. Na farko da ya fito shi ne na akuya, ƙafafu ba kai, lambarsa ta ƙare da huɗu. Ya ɗora bakwai. Na ɗora ɗaya. Ya ɗora shida. Ana jiyo ƙarar taɓarya daga cikin gida. Ni addu'ata a lokacin baƙuwa ce, ban roƙi Allah in ci ba, roƙonsa nake kada kowa ya ci. A karo na biyar mai walƙiya ya fito, ya kwanta a kan tulin yana sheƙi, lambarsa takwas. Taubashina ya hura katinsa, ya shafa shi a goshi, ya yi bismilla, ya buga da ƙarfi. Tara. 'Yan Gwarzo suka yi "kash!" gaba ɗaya. Na ajiye na shida, ya ɗora, babu. Na ajiye na bakwai. Ya ɗora nasa a hankali yana murmushi, don shi a lissafinsa ko bai ci ba ya ci. Babu.

Ya dubi hannuna ya ce, "Kin mutu," ya miƙo hannu biyu zai tattara.

Na danne tulin da tafina. Na daɗe ina tanadin maganar nan, don haka ban yi gaggawar faɗinta ba.

"Nan Gammo ne, yaro."

Na juya tulin. Ga ƙafafun ɗan ƙwallon da akuya ta ci wa kai, a sama. 'Yan Gammo suka kaure da ihu, "Mai shuka! Mai shuka!" Shi kuwa ya wawuri gwangwani, ni ma na wawura. Ya ja, na ja. Ya tuƙe min kitso, na gantsara masa cizo a damtse ta cikin sabuwar shaddar. Ban ji kunyar wannan ba har yau. Hayaniyar ce ta fito da wani dattijo daga zaure, ya kamo mu ɗaya a kowane hannu, da gwangwani da kati da 'yan kallo, ya zube mu gaban dagaci.

Babana ya miƙe zai cire takalmi, Kaka ya ɗaga masa hannu ya zauna. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana raba rigimar iyakar gona da ɓarnar shanu, ranar sai ya gyara zama ya karɓi shari'ar kati kamar ta gado. Ni jikarsa ce ta gaban goshi, amaryata yake ce min. Ya sa kowa ya faɗi nasa, ya sa aka yi masa bayanin wasan har sau biyu. Sannan ya juya ga taubashina.

"Da kuka yi a Gwarzo, dokar wa aka bi?"

"Ta Gwarzo, ranka ya daɗe."

"Ita ta san dokar kafin a fara?"

Ya hau wasa da bakin riga.

"Ta gaya maka yadda suke yi a nan?"

Kafin ya ƙirƙiro amsa, ƙanwarsa, Allah ya yi mata albarka, ta ce daga baya, "Ta gaya masa. Shi ne ya ce kowane gari da dokarsa, in ta koma ƙauyensu ta yi shukarta."

Zaure ya ɗauki dariya, har kawuna ya rufe fuska da hula. Kaka ya ce, "To ga shi ta dawo ƙauyensu ta yi shuka. Yau da za a fara, ta ba ka farko?"

"Ta ba ni."

"Ka karɓa?"

"A'a."

"To ai magana ta ƙare. Amaryata ta ci."

Na ji kamar in tashi sama. Na kai hannu zan ɗauki gwangwani, sai Kaka ya ɗora sandarsa a kan murfin.

"Tsaya. Wannan gwangwanin asalinsa na wa ne?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma a gaban Kaka ba a kwana-kwana. Na faɗa duka, a gaban babana da kawuna da limamin gari da baƙi: na yaron Ticha ne da ya rasu, ƙanwarsa ta ba ni ajiya, ta ce kar in buɗe, na buɗe. Dariyar zauren ta ɗauke ɗif. Kaka ya daɗe yana kallona, kuma da ya sake magana bai ce amaryata ba.

"Malamin da ya bar garinsu ya zo yana koyar da 'ya'yanmu, ya binne ɗansa a ƙasarmu. Abin da yaron ya bari shi kika zuba a caca, ke jikar gidan nan?"

Na sunkuyar da kai.

Ya sa aka juye komai a kan buzu. Duk katin da ke da jan ɗigo aka ware aka mayar gwangwani, har wasu da aka zaƙulo daga aljihun taubashina. Ya miƙo min ya ce amana ta koma ga mai ita, kuma da bakina zan gaya mata abin da na yi, ba a bakin wani za ta ji ba. Sannan ya nuna ragowar, tulin taubashina da bakwai ɗina, ya ce kowa ya ɗauki nasa da hannunsa ya kai murhu.

Taubashina ya fasa kuka tun daga zaure har tsakar gida, yana birgima da shadda, yana kiran Innarsa. Shekara biyu yana tara katin nan. Ni na tsince bakwai ɗina na miƙe. Kaka ya bi ni da ido, kuma na san abin da yake jira. Da na langaɓe kai na ce Kaka ka bar min wannan ɗaya, wataƙila da ya kawar da kai ya bar min. Ban roƙa ba. Na je gaban tukunyar shinkafar suna, mata suna kallona, na tura su cikin wuta ɗaya bayan ɗaya, mai walƙiya a ƙarshe. Ya naɗe, ya yi wata koriyar wuta, ya zama toka. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, amma na rantse a raina yaron nan ba zai ga hawayena ba. Na juya na buɗe masa tafukana biyu a fuska.

"Ka ga hannuna? Ba ko ɗaya. Kuma ni na ci."

Gwaggona ta ɗauke ni da mari a kan wannan maganar. Ya yi zafi, amma in da za a sake, zan sake faɗa.

To wannan ita ce cutar da Alhaji yake kuka da ita har ya yi furfura. Dokar da ya yi wa dariya ce ta kama shi, a ƙasar masu ita, bayan an miƙa masa farko ya ƙi. In akwai wanda na cuta a labarin nan, ba shi ba ne.

Su Ticha suka dawo ana jibi komawa makaranta. Ban jira ta zo ba, na naɗe gwangwanin a zanen da ta kawo shi na same ta a bayan ɗakinsu tana wanke kwanuka. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba, ban yi wa kaina kwalliya ba. Ta goge hannu ta karɓa. Ba ta buɗe ba, girgiza shi kawai ta yi kusa da kunnenta. Da can ba ya motsi don cika. Yanzu sai ya yi kwaram-kwaram, saboda akwai waɗanda taubashina ya riga ya musanya a Gwarzo, ba su dawo ba kuma ba za su dawo ba. Ta dube ni, ta shige ɗaki ta saki labule.

Kwana uku muna zama a benci ɗaya ba ta ce min ci kanki ba. In ina son magogi sai in ara a bencin baya. Wannan shirun ya fi marin gwaggo da wutar murhu ciwo in an haɗa su. Na yi tunanin in sake ba ta haƙuri, sai na ga ba ni da sabon abin faɗa, kuma haƙuri ba ya cika gwangwani. Na kama bakina na jira hukuncinta.

Rana ta huɗu da aka fita tara ta taɓa ni da gwiwar hannu ta yi gaba. Na bi ta har bayan ajin ƙarshe, inda ba a hango mutum daga gidansu. Ta zauna a ƙasa ta zaro gwangwanin daga jakarta.

"An ce mai walƙiya ya shiga wuta."

"Ya shiga."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Kin yi kuka?"

"Allah ya kiyaye."

Ta ɗan yi murmushi, na farko tun dawowarsu. Ta buɗe murfin ta juye katin yayanta a cinya, ta raba biyu da ido, ta turo min rabi.

Na ce, "Kaka ya hana."

"Caca ya hana. Wannan ba ci, in an kaɗa ƙararrawa duk su koma gwangwani. Tun da ya rasu ba wanda ya yi wasa da su sai 'yan Gwarzo."

Na ɗauka na kife su a hannu, jan ɗigon yana leƙowa ta kusurwa. Kowa na jiran ɗaya ya fara. Sai ta share ƙasar da ke tsakaninmu da gefen hannunta, ta ja baya kaɗan.

"Ke fara," in ji ta.

Kukan da wutar murhu ba ta samu ba, a nan ya ƙwace min. Ta bar ni na yi abina har na gaji. Sannan na goge fuska da gefen hijabi na ajiye katin farko.